Gargaɗi kan mai sa wayar haƙori da ke kiran kanta Dakta: ta ci mini dubu 380, ta bar haƙorana suna girgiza

Assalamu alaikum jama'a. Naira dubu 380 na ba wata mata a nan Kano don ta gyara mini haƙora da waya, wato ƙarfen nan da ake mannawa a haƙora don su jeru. Dubu 380. Yau haƙorana biyu na gaba suna girgiza, ko dafaffen dankali ba na iya gatsa, sai na yanka ƙanana na tura gefe. Ita kuma ta toshe lambata, ta canja wa shafinta na Instagram suna, tana can tana karɓar kuɗin wasu bayin Allah kamar ba abin da ya faru. Allah ya isa tsakanina da ita.

Na san akwai masu jira su ce mini arha ba ta ado. Ku riƙe karin maganarku. Dubu 380 ce arha? Kwasar adashena ce sukutum, wadda na yi ta zubi ina hana kaina ɗinki. Kuma ni ba yarinya ba ce da ta ga wayar haƙori mai launi a TikTok ta ce ita ma sai ta yi gayu. Shekaruna 36, ina aiki, 'ya'yana uku. Haƙorana na sama a ture suke gaba tun ina ƙarama, leɓena ba ya rufuwa sai na matsa shi. Sunan da ake kirana da shi a firamare ko yanzu ba zan rubuta ba. Duk hotunan bikina baki a rufe na yi su. Wanda bai rayu da wannan ba, ba zai gane abin da ya kai ni wurinta ba.

Kuma asibiti na fara zuwa, ku ji da kyau, asibiti na fara zuwa. Aka duba ni, aka ce kuɗin zai haura miliyan ɗaya, aikin zai ɗauki kamar shekara biyu. Ba kuɗin ne kaɗai ya kore ni ba. Ina zaune a layi, duk wanda ke gefena ɗan sakandare ne, wasu ma da kayan makaranta, iyayensu mata sa'o'ina suna kallona suna zaton ɗiya na kawo. Na dawo gida na gaya wa wata 'yar uwa, ta kwashe da dariya, wai da girmanki, uwar 'ya'ya uku, za ki sa ƙarfe a baki? Wai in kuɗin ne ya yi mini yawa in je Makka in sa haƙorin zinare kowa ya huta. Daga ranar na binne maganar.

To ita wannan matar, abin da ta yi ke nan. Na shiga wurinta, ɗaki ne a saman wani rukunin shaguna, da kujera mai kwanciya, da farar riga, da safar hannu, da takardu a jikin bango cikin firam. Na ce mata ni fa kunya nake ji, na girma da wannan abin. Sai ta sauke takunkumin fuskarta, ta yi murmushi, haƙoranta a jere tas. Ta buɗe wani ɗan akwati ta ɗauko robar nan fara da ake sawa da dare bayan an cire waya, ta ce, “Anti, ni ma sai da na haihu biyu na sa. Ba ki makara ba.” Ba ki makara ba. Ban taɓa jin wani ya faɗa mini haka ba. Idona har ya kawo ruwa a gabanta, ta miƙo mini hankici. Yanzu in na kwanta, wannan ne yake dawo mini, yadda ta sauke takunkumin a hankali, yadda akwatin yake a ajiye daidai inda hannunta zai kai. Ashe a shirye yake. Ashe duk wadda ta shiga haka ake yi mata. Wata da muka haɗu daga baya ta ce ita kuma ce mata ta yi sai da ta haihu uku ta sa, don ita matar 'ya'yanta huɗu ne.

Dubu 200 na fara turawa kafin alƙalami. A'a, kafin nan ma ta karɓi na duba baki, wannan ban ma sa shi a lissafi ba. Dubu 200, sannan dubu 120 ranar da ta manna wayar, sannan dubu 60 wai ta yi mini odar tawa robar daga Turkiyya tun da wuri kafin dala ta tashi. Ku haɗa. Dubu 380. Robar har yau ban ga kalarta ba, kuma daga baya aka gaya mini ita wannan roba sai an gama aikin an cire waya ake auna bakin mutum a yi ta, tunda sabon zaman haƙoran za ta riƙe. To da wane baki aka auna tawa? Asusun da na tura kuɗin sunan namiji ne, na tambaya, ta ce na maigidanta ne, nata ya cika. Mata nawa ne a garin nan suke sana'a da asusun mazajensu? Mai yi mini turaren wuta ma haka take. Ta ina zan gane?

Na ma tsallake yadda na san ta. Ba haka kawai na faɗa shafinta ba, abokiyar aikina ce ta turo mini, ita ma ƙanwarta ce ta yi wankin haƙori a can. Shafin cike da hotunan kafin da bayan aiki, mabiya dubbai, mutane suna ta sa albarka. Sai da abin ya ɓaci ƙanina ya bi hotunan a intanet, ya samo su a shafukan wasu asibitoci na ƙasashen waje, an yanke tambarinsu kawai. Duk na ajiye. Da hirarmu ta WhatsApp, da saƙonnin muryarta, da shaidar tura kuɗi guda uku, da hoton bakina kafin da yanzu. Yayana ya ce kar in kama suna tukuna tunda mun kai ƙara wurin 'yan sanda, shi ya sa kuka ga ban faɗi sunanta ko unguwar ba. Amma wallahi da zarar ya ba ni dama zan saka su ɗaya bayan ɗaya, ko harafi ba zan rufe ba.

Kuma na tambayi hoton ƙashi. Na tambaya! A asibitin farko sun ce sai an ɗauki hoton muƙamuƙi gaba ɗaya kafin a taɓa komai, don haka na ce mata Dakta, ba za a yi hoto ba? Ta ce wannan tsohon yayi ne, ta ɗauki bakina da wayarta ta gaba da gefe, wai za ta tura wa oganta a Turkiyya ya tsara komai a kwamfuta. Mutum da farar riga ya gaya maka haka, kai da ba fanninka ba, me za ka ce? Ko a Amurka akwai kamfanin SmileDirectClub da ke aika wa mutane robar gyaran haƙori ta gidan waya, ya rufe a Disamban 2023 ya bar mutane a tsakiyar aiki. Su ma duk wawaye ne?

Ciwo kuwa, ba a magana. Ta ce ciwon alama ce aiki yana ci. Na duba na ga ko wayar gaskiya tana ciwo na 'yan kwanaki bayan an ɗaure, sai na daure. Na bar tsire, na bar kilishi, na bar rake da aya da ƙuli-ƙuli, gyaɗa ma sai kallo. Kunu da fate da shayi, su na koma. Layya ta zo ta wuce, soyayyen nama cike da gida, ni ina shan romo. Bakin wayar yana yanka mini kumatu ta ciki, in na yi magana a ofis sai na kare baki da mayafi. Asuwaki ya gagara, buroshi yana fitowa da jini, in na kurkure baki wajen alwala ruwan ja yake zubowa. Baki ya fara wari, maigida bai ce komai ba amma na gani a fuskarsa. Na gaya mata, ta ce in kurkura da ruwan gishiri in zo a ƙara ɗaurewa. Duk sati biyu ɗauri, duk ɗauri dubu 15. Wannan ma ban sa a cikin dubu 380 ɗin ba, don in na haɗa hawan jini zai kama ni.

Ranar da na tura harshe na ji haƙorin gaba ya motsa, na kira ta. Ta ɗauka ta ce tana Abuja taron likitoci. Ko kuwa wannan a kan robar ne ta ce tana Abuja? Ta dai faɗa sau fiye da ɗaya. Daga nan saƙo ya daina shiga. Na je wurin, ƙofa a kulle, mai shagon ƙasa ya ce ai sun kwashe kaya da dare, kuma shi a saninsa gyaran farce da gashin ido take yi kafin ta sayo kujerar. Gyaran farce! Wadda na kira Dakta, na russuna na gaishe ta, na yi kuka a gabanta.

Likitan da ya karɓe ni a asibitin koyarwa, da na buɗe baki shiru ya yi, sannan ya kira ɗalibansa su zo su gani. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Ya ce, Hajiya, wa ya yi miki wannan? Shi ya zaunar da ni ya yi mini bayanin da ya kamata ita ta yi. Haƙori ba a kafe yake cikin ƙashi ba, akwai wasu siraran jijiyoyi da ke riƙe saiwarsa. In aka ja shi da ƙarfi kaɗan-kaɗan, ƙashin da ke gabansa yana narkewa, na bayansa yana ginuwa, haƙorin ya matsa kamar milimita ɗaya a wata. Shi ya sa ake barin sati 4 zuwa 8 tsakanin ɗauri da ɗauri, kuma na babba ya fi na yaro jinkiri tunda ƙashinsa ya gama girma. In aka matsa da yawa, saiwar ce ke cinyewa ta gajarce, kuma abin da ya cinye ba ya dawowa. Hoton ya nuna nawa na gaba sun gajarce. Ya ce kuma da ma ina da ciwon dasashi, wanda dole a fara magance shi kafin a sa waya, domin jan haƙori a kan dasashi mai ciwo ƙara cin ƙashin yake. Da ta yi hoton nan da na roƙa, da an gani. Ƙananan ƙarafan ma ba a daidai ta manna su ba, wani sama wani ƙasa, kowane haƙori tana jan sa inda ya ga dama. Wajen cirewa gam ɗin ya ƙi fita, sai da aka goge, ya bar mini tabo a fuskar haƙoran. Ya ce irin wannan waya ta jabu ta taɓa zama yayi a Tailan har gwamnatinsu ta hana sayar da ita.

Yanzu an ɗaure haƙoran biyu ta baya da siririyar waya don su tsaya, ana wanke dasashi, sai an ga yadda suka yi kafin a san ko zan iya sa ta gaskiya. Kuɗin wannan daban. Wato na biya dubu 380 don a ɓata, zan kuma biya don a gyara ɓarnar, gyaran da na fito nema tun farko kuma yana nan ko farawa ba a yi ba. Abin haushi, likitan ya ce shekaruna ba matsala ba ne ko kaɗan, yana da masu shekara 50 da waya a baki. Wato a wannan ɗaya gaskiya ta faɗa, ban makara ba. Da gaskiyar ta cuce ni. “Anti, ba ki makara ba.” Da muryar nan mai sanyi, da akwatin a gefen hannu. Wallahi ban yafe ba, har gaban Allah.

Ku dai, duk wanda zai sa muku waya ba hoton ƙashi, ku tashi ku fita. Ku nemi cikakken sunansa da lambar rajistarsa ta MDCN, hukumar da ke yi wa likitoci da likitocin haƙori rajista a Najeriya, in ya fara kame-kame ku kama gabanku. Kada ku tura kuɗi asusun da ba sunan asibiti ko sunansa ba. Shi ke nan.

Sabon shafin nata yanzu wai rangwamen amare take yi, rabin kuɗi ga mai biki a kusa. Akwai wata yarinya da na tarar a can ranar ɗauri na ƙarshe, doguwa, da lalle a hannu, ta ce bikinta ya matso, an sa mata sama da ƙasa. Ban karɓi lambarta ba. Ƙanwata, in wannan ya iso gare ki, ko ke da kika san ta, ku je asibiti a cire wayar nan a cikin satin nan, kada ki jira bayan biki, kuma kada ki ɓalle ta da kanki a gida. Duk wadda matar nan ta taɓa yi wa aiki ta yi mini magana ta akwatin sirri, yayana yana haɗa sunaye, mun riga mun zama mu huɗu.