Baffa, a dakata da sayen na'urar sanyi don littattafan Malam

Assalamu alaikum Baffa. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ku da su Inna da yara duka. Yaya damina? Allah ya sa ta yi albarka. Mu nan Ingila wai lokacin zafi muke ciki, amma har yau da rigar sanyi nake fita sallar asuba.

Yaya ya isar mini da saƙonku, cewa an yanke shawarar kwashe littattafan marigayi Malam daga soron ƙasa a mayar da su sabon ɗakin siminti, a sa musu na'urar sanyaya ɗaki, kuma ni ake jira in turo kuɗin. Kuɗi kam zan turo, in Allah ya yarda. Sai dai ina roƙonku a dakata da maganar na'urar tukuna. Ba fin ku sani na yi ba, Baffa, aikin da nake ci da shi ne ya sa na yi karambanin sa baki.

Kun san shekara uku ke nan ina aiki a gidan adana tsofaffin takardu na wata gunduma. Aikina ɗauko akwatuna daga ɗakin ajiya in kai wa masu bincike, in sun gama in mayar. Da na fara, injinan daidaita iska ba sa hutawa dare da rana. Sai 2022 ta zo, yaƙin Yukiren ya sa kuɗin wuta da na gas suka yi tashin gwauron zabo. Wata Juma'a da yamma matar da ke kula da lafiyar takardun ta sa aka kashe injinan, muka rufe ƙofa muka tafi. Ni dai gabana na faɗuwa, na ce Litinin za mu tarar da fumfuna ta ci komai. Da muka dawo ta ɗauko wata 'yar na'ura da ba ta kai akwatin ashana biyu ba, mai rubuta zafi da danshin ɗaki dare da rana, ta haɗa da kwamfuta. Layin awon da ya fito a kwamfutar ya ɗan motsa kaɗan ne kawai. Ta buɗe wani akwatin kwali ta zaro ta biyu da ta ɓoye a tsakiyar takardu. Wannan kam layinta miƙe yake kamar an ja da rula. Ta dube ni ta ce akwatin nan ya fi injin aiki, kuma ba ya aiko da takardar kuɗin wuta.

Daga baya na ji asalin abin. A yaƙin duniya na biyu an ɓoye zane-zanen babban gidan hotuna na Landan a cikin ramin haƙar dutse na Manod, a yankin Wales. Aka lura a can ba sa tsagewa kamar yadda suke yi a birni, saboda an riƙe yanayin ɗakunan da aka gina musu a cikin ramin ba ya sauyawa. Daga nan Turawa suka ɗauki aƙidar cewa dole a riƙe ɗaki kusan digiri 20, danshi kusan kashi 50 cikin 100, ko nawa za a kashe. Shekara da shekaru ana ƙona mai da gas a kan haka. Sai a 2015 shugabannin manyan gidajen tarihi na duniya, ƙungiyar da ake kira Bizot, suka amince cewa yawancin kaya ba abin da zai same su tsakanin digiri 16 zuwa 25, danshi kuma kashi 40 zuwa 60, muddin ba hawa da sauka ake yi farat ɗaya ba.

An taɓa kai mu ziyara gidan adana takardu na garin Hereford, wanda aka buɗe a 2015. Ɗakunan ajiyarsa ba taga ko ɗaya, bango mai kauri, an toshe duk wata kafar da iska za ta kutsa, wutar da yake ci kuwa kaɗan ce. Mai zagayawa da mu yana ta alfahari, ni kuwa ina tsaye ina tuna soron Malam: katangar tubali mai kaurin kamu biyu, rufin azara, 'yar taga ɗaya can sama. Ku shiga da azahar a watan Afrilu ku ji sanyi, ku shiga da asubar hunturu ku ji ɗumi. Abin da mutanen nan suka zuba miliyoyi suna nema, magina sun yi wa Malam shi da ƙasa da ruwa.

Wani abin mamakin, babban gidan adana takardun gwamnati da ke unguwar Kew a Landan yana ajiye wasu takardunsa a ramin haƙar gishiri na garin Winsford, kimanin mita 150 a ƙarƙashin ƙasa, inda zafi yake kusan digiri 14 rani da damina, ba ɓera ba hasken rana. Mai son takarda daga can sai ya ba da sanarwar kwana uku. Akwai kuma ma'ajiyar jaridu ta babban ɗakin karatu na ƙasa a Boston Spa, inda aka rage iskar shaƙa har ashana ba ta kamawa, injina ne ke shiga su ɗauko. Wannan na masu hannu da shuni ne, ba namu ba.

To mu dawo gida. Ɗakin siminti mai rufin kwano tanda ne da rana. A sa masa na'ura, a kawo wuta awa uku ya yi sanyi, a ɗauke ya koma tanda, takarda tana shan danshi tana amayarwa sau nawa a yini? Na gani da idona lokacin ina ɗalibi, a wani ɗakin karatu da ba sai na kama suna ba: ruwan na'urar yana bin bango yana ɗiga, littattafan da ke ƙarƙashi sun manne da juna, sun yi baƙi, wari kamar tsohuwar rijiya. Waɗanda aka manta da su a sito ba abin da ya same su sai ƙura.

Kayan da suke amfani da su a nan Ingila ba su da wani ƙyalƙyali. Akwatin kwali ne da aka yi musamman, wanda ba ya sa takarda ta yi ja. Maimakon feshi, 'yan tarkuna masu danƙo ake ajiyewa a kusurwa, duk wata uku mu duba mu ƙirga abin da ya maƙale. In an kawo littafi mai ƙwari, a naɗe shi ruf a sa shi cikin firji mai tsananin sanyi kwanaki, ƙwaron da ƙwansa su mutu, ba guba ko ɗigo. Saboda haka don Allah a daina yayyafa fiya-fiya a adakar littattafan Malam, masu buɗe ta take cutarwa. Kada a liƙe yagaggen shafi da salatif, kada a kai wa masu shagon kwamfuta su rufe shi da roba, kada a ƙulle a leda. Safar hannu ma ba ma sawa in takarda ce, wanke hannu kawai a bushe.

Ku gwada wani abu, Baffa. Ku zaro warƙa ɗaya daga tsohon Alƙur'anin da ke cikin gafaka, ku ɗaga ta saitin ƙofa. Mai yiwuwa ku ga jinjirin wata uku a jere cikin jikin takardar. In kun gani, daga Italiya ta zo ta hanyar Sahara, da tsumma aka yi ta, kuma ta fi jaridar bara ƙarko nesa ba kusa ba.

Ba komai na Turawan nan zai yi mana ba. Su ba su san gara ba, ba su san bushewar hunturu mai fasa fata ba, ba su san ruwan Agusta mai rusa katanga ba. Nan ne kuɗin ya kamata ya tafi. A kira magini ya sake yaɓen rufin soron, ya gyara indararo. A sa maƙeri ya yi kanta ta ƙarfe mai ƙafa, a janye ta daga bango kamu ɗaya, yadda ake ɗora rumbu kan duwatsu, don a riƙa ganin hanyar gara tun tana farawa. Kowace Juma'a wani yaro ya share ƙarƙashinta. Littattafan su zauna cikin gafakarsu, gafakar cikin akwati.

Akwatuna goma da 'yar na'urar awon nan guda biyu zan ba wani abokina da zai zo gida bayan Babbar Sallah. Ɗaya a rataye a soron, ɗaya a sabon ɗakin, a bar su har ƙarshen damina, sai mu duba tare ta waya. In soron ya sha kaye, ni da kaina zan sayi na'urar sanyin.

A gaishe da Inna, a ce mata yajin ya ƙare tun watan jiya. Wassalam, ɗanku.