Mai baki uku ko HDMI: wacce ta dace da talabijin ɗinka?

Da wuya ka shiga shagon kayan lantarki a Babbar Kasuwar Katsina ba ka ga wayoyin nan biyu a rataye ba: mai baki uku, wato AV, da kuma HDMI, waɗanda ake jona dikoda da talabijin da su.

Mai baki uku tsohuwar hannu ce. Bakin rawaya ke ɗaukar hoto, ja da fari kuma sauti. Iyakacin ƙarfinta a nan ƙasar layi 576 ne na hoto (yawan layi shi ne kyan hoto), shi ya sa in ka jona ta da faffaɗar talabijin sai wasan ƙwallo ya yi dishi-dishi, lambar rigar ɗan wasa ma da ƙyar ka karanta. Amma mai tsohuwar talabijin mai ƙeya ita ce tasa, ga ta da araha.

HDMI, wadda ta shigo kasuwa a 2003, baki ɗaya ke ɗaukar hoto da sauti, tana kai layi 1080 har ma fiye. Sharaɗin kawai dikodarka da talabijin ɗinka su kasance masu HD, wato masu fitar da hoto tangaran, in ba haka ba kuɗinka ya tafi a banza.

Inda ake yi wa mutane wayo shi ne wajen farashi. Mai shago zai miƙo maka mai bakin ruwan zinare, ya ce: "Alhaji, wannan ta fi fitar da hoto." A'a. Saƙon HDMI na dijital ne, matuƙar ya isa lafiya hoton ɗaya ne. A tsawon mita biyu, mai sauƙin kuɗi ta wadatar, sai in za ka ja ta daga falo zuwa ɗaki ne kauri da inganci ke da amfani. Ka sa a gwada maka ita a shagon, ka ɗan girgiza bakin ka ga ko hoton zai ɗauke.