Aikin taransom ɗinsa ba magana, amma fentin nan ya ci min rai

Masu tambayata a kan injiniyan nan na bakin ruwa ta wajen Ikoyi, wanda kowa ke turawa wajensa in jirgi na shan ruwa ta taransom, wato bangon bayan jirgin, ga abin da na gani. Jirgin namu tokumbo ne daga Filorida, ni da yayana muka haɗa kuɗi muka saya muna kai mutane Tarkwa Bay da Ilashe ƙarshen mako, injin MerCruiser 4.3 ne a ciki, ƙafarsa, wato sashen da ke ɗauke da farfela a bayan jirgi, Alpha One ce a waje. Matsalar kuwa ruwa ne yake taruwa a ƙasan inji, famfon ciki ba ya hutawa, sai ka zo da safe ka tarar ya cinye batir tas. Makanikai biyu sun riga sun taɓa shi, ɗaya ya canza robobin belos ɗin nan guda 3 da ke tsakanin ƙafar da bangon baya, na shaf da na hayaƙi da na kebul ɗin giya, ɗayan kuma kawai ya yaɓe zagayen da silikon ya karɓi kuɗinsa, ruwa dai bai fasa ba.

Shi wannan Baban da ya zo ko sifana bai ɗauka ba. Ya sa yaronsa ya tsane cikin jirgin da tsumma har ya bushe ƙayau, sannan ya aika aka sayo masa hodar jarirai a shago, ni ina tsaye ina cewa a raina yau kuma na haɗu da boka. Ya barbaɗe bangon bayan nan da hoda ta ciki, aka sauke jirgin a ruwa, ya kwanta rub da ciki a gefen inji da tocila a baki. Ba a jima ba sai ga layin ruwa siriri ya ratso cikin farar hodar, ɗaya daga sama wajen fin ɗin sitiyari, ɗaya kuma daga gindin noti na ƙasa. Ya ce Alhaji zo ka gani da idonka, kar gobe ka ce na ƙirƙiro maka aiki. Wallahi a nan ya saye ni. Da aka fito da jirgin kan tirela sai ya ɗauki ƙaramar guduma yana ƙwanƙwasa bangon, can gefe ƙarar tana fita ƙal ƙal, yana matsowa kusa da ƙafar sai ta koma dum dum, ya huda ɗan rami ta ciki da diril, abin da ya biyo bakin diril ɗin ba katako ba ne, wani baƙin abu ne jiƙaƙƙe mai wari kamar dusa ta kwana a ruwa. Ashe filawud ɗin da ke tsakanin faiba biyu ya ruɓe, shi ya sa duk ɗaurin da aka yi wa notin sai bangon ya lotsa sil ɗin ya saki, ko ka zuba silikon buhu guda ba zai tsaya ba.

Dole aka ciro inji gaba ɗaya, ya yanke faibar ciki ya kwashe ruɓaɓɓen, ya sa sabon filawud na ruwa ya lulluɓe da resin, har ramukan notin sai da ya shafe cikinsu kafin ya mayar. Boris ɗin gimbal, wanda shaf ke juyawa a cikinsa a bangon baya, shi ma ya ci tsatsa ya canza shi, kuma da ya mayar da inji na ga ya zura sandar nan ta saita layin inji da ƙafar, wanda su waɗancan ko labarinta ban ji a bakinsu ba. Kuɗin ya ninka abin da muka yi magana da farko, yayana ya yi ta mita, ni na ce a bar shi tunda mun ga aikin. Har yau ɗigo ɗaya ba ya shigowa ta nan, wannan gaskiya ce ba zan tauye masa ba.

To amma ni yanzu da nake rubutun nan ma raina sake ɓaci yake. Da aka gama sai ya ce bari yara su yi maka fenti kyauta tunda jirgin na waje. Kyautar da ta zame mana masifa kenan. Fentin ƙasan jirgi mai jan ƙarfe a ciki, wanda ake shafawa don kar ƙwari da gansakuka su manne, shi suka bi da shi har kan ƙafar, ita kuwa ƙafar alminiyom ce, duk wanda ya daɗe a bakin ruwa ya san jan ƙarfe da alminiyom in sun haɗu a ruwan gishiri alminiyom ɗin ne ke narkewa, shi ya sa ake barin fili kamar inci 1 da rabi tsakanin fentin da ƙafar. Su ko fili ba su bari ba, kuma abin haushin har anod ɗin suka shafe, waɗannan guntayen ƙarfen da aka ɗaura musamman don ruwa ya ci su a madadin ƙafar. Anod in ya sha fenti ai ya tashi aiki. Ga farfelarmu ta sitenles ce, ita ma tana ƙara wa abin wuta. Rani na shigowa gishirin lagun, wato tafkin Legas, ya ƙaru, sai ga fentin ƙafar ya yi ƙuraje, ka danna da farce ya fashe farin gari ya zubo, ƙarƙashinsa ramuka ramuka, wajen da silindojin tirim masu ɗaga ƙafar suke ɗaure ya fi muni. Anod kuwa da na kankare fentin sabbi fil, ko kaɗan ba su zaizaye ba, alhali a ce sun ci rabi an canza su.

Na kira shi ya zo ya duba, sai cewa ya yi ai ruwan Legas ne haka yake. Na ce Baba haba, kai da ka koya min karanta hoda yau kuma ruwa za ka ɗora wa laifi? Ya yi shiru ya juya yana yi wa yaransa faɗa da yarensu, amma ko a yi haƙuri bai ce min ba, kuma da aka zo maganar kankarewa da sa fentin da ya dace da alminiyom sai ya kawo min sabon lissafi kamar ba yaransa suka yi ɓarnar ba. Wannan ya fi ramukan ƙona min rai. Mun ja da shi sosai kafin ya yarda ya cire kuɗin aiki mu mu sayi kaya, anod ɗin ma na ce na alminiyom nake so tunda ruwanmu yau gishiri gobe damina ta tsarma shi, ya ce babu a hannunsa sai ya sa an kawo.

In bangon jirginka ne ya ruɓe ka kai masa, ban san wanda ya kai shi ba a wannan layin, amma ranar fenti ka ɗauki kujera ka zauna a wajen, kuma ka kwance anod ɗinka ka sa a aljihu kafin su buɗe gwangwani. Namu na alminiyom ɗin dai har yanzu muna jira, na kira shi shekaranjiya ya ce kwantena ba ta fito daga Apapa ba.