Gasasshiyar makaroni: a obin ko a tukunya da garwashi?

'Yar'uwarmu daga Birnin Kebbi ta tambaya cewa tana son ta riƙa yi wa iyalinta gasasshiyar makaroni da dare a ranakun aiki, amma obin ɗinta na lantarki ne, wutar kuma ba ta da tabbas, shin tukunya da gawayi za su iya maye gurbinsa? Na gwada hanyoyin biyu, 'yar'uwa, kuma za su iya, sai dai akwai inda suka sha bamban.

Haɗin dai iri ɗaya ne. Leda ɗaya ta makaroni mai giram 500 tana isar mutum biyar zuwa shida. Ki tafasa ta da gishiri, ki tsame ta minti biyu kafin ta nuna, tana da sauran tauri a haƙori, domin a wajen gashi za ta ƙarasa. Idan ta nuna luguf tun a ruwa, caɓewa za ta yi. Ki soya albasa da yawa, tunda Aliero, garin albasa, na kusa ba a yi mata rowa, ki haɗa da tumatir, tattasai, attaruhu da niƙaƙƙen nama, ko bandar kifin Yauri da aka cire wa ƙaya. Miyar ta ɗan yi ruwa-ruwa, saboda makaronin za ta ci gaba da tsotse ta. Bayan kin juye komai a kwanon gashi, sai ki kaɗa ƙwai uku da gwangwanin madarar ruwa ɗaya ki kwarara a kai. Mai hali takan barbaɗa cukun mozzarella, amma busasshen cukun da muka saba da shi ba ya narkewa, don haka ba zai yi wannan aikin ba.

A obin, za ki kunna shi minti goma kafin lokaci a kan zafin digiri 180 na Celsius, sannan gashin ya ɗauki minti 20 zuwa 25. Zafin yana zuwa ta sama da ta ƙasa daidai wa daida, saman ya yi ja, makaronin da ke gefen kwano ta yi ƙus-ƙus, wadda a gidana ita yara suke rububi a kai. Kina iya barinsa ki je ki yi sallar magariba hankali kwance. Matsalarsa ita ce cin wuta: ƙaramin janareta ba ya ɗaukarsa, kuma idan aka ɗauke wuta a tsakiyar gashi, za ki tarar da ƙwan bai kama ba ga mutane suna jiran abinci.

Tukunya kuwa dabarar da ake gasa kek ce. Ki sami babba mai kauri, ki shimfiɗa yashi mai tsabta kamar kaurin yatsu biyu, ki rufe ta yi zafi minti goma, sannan ki ɗora kwanon a kan yashin. Kuskuren da aka fi yi shi ne barin murfin haka nan: tururi yana taruwa a cikinsa ya riƙa ɗiga a kan abincin, ƙasa ta ƙone, sama kuma ya fito fari a jiƙe. Maganinsa shi ne ki rage garwashin ƙasa, ki kwashe mafi yawansa ki jera a kan murfin. Da haka ne zafi zai sauko ta sama kamar na obin. Gashin yakan kai minti 30 zuwa 35, ban da lokacin hura gawayi, kuma yana son ki zauna kusa. Kada ki yawaita buɗewa, in za ki buɗe kuma ki ɗaga murfin a hankali don kada toka ta faɗa ciki. A tsakar gida za ki yi shi ko da a lokacin hunturu ne, domin gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba wadda ba a jin warinta.

Saman na obin ya fi kyan gani, wannan ba a musu, amma a baki bambancin kaɗan ne. Ga ranakun aiki, tunda wutarku haka take, ni tukunya zan zaɓa miki, ki soya miyar tun da safe, da yamma ki hura gawayi ki fara tafasa makaronin a kansa kafin ki ɗora tukunyar yashi. Idan kin sauke, ki bar shi ya huta minti goma kafin ki yanka, in ba haka ba zai wargaje a cokali.