Hattara da masu sayar da "makarin Bluetooth" a kasuwannin Yamai

Assalamu alaikum ƴan uwa. Raina a ɓace nake wannan rubutu, saboda abin da ya samu gwaggona makon jiya a kasuwar Wadata. Da na ba da labarin a fadarmu, mutum biyu suka ce an yi wa nasu irin haka, shi ya sa na ga shiru bai kamata ba.

Gwaggo atamfa da turaren wuta take sayarwa, kuma ita ce uwar adashen matan layinsu. Yawancin zubin ta waya yake shigo mata. Ranar Talata da hantsi wani saurayi ya tsaya bakin rumfarta, tsaf da shi, kati rataye a wuya, ƴar baƙar jaka a kafaɗa. Ya russuna ya gaishe ta, ya ce, "Hajiya, wayar da kai muke yi. Don Allah buɗe wurin Bluetooth na salularki ki ga wani abu." Ta buɗe. Ya juyo mata da tasa, sai ga sunan wayarta ya fito ɓaro-ɓaro. Ya girgiza kai ya ce, "Kin gani ko? A buɗe kike. Ɓarayi sun shigo gari da na'ura, daga kan kabu-kabu suke zuƙe kuɗin mutane. Amma akwai makari, jika 2 kacal."

Wace uwa ce za ta ji haka, da kuɗin mutane a hannunta, hankalinta bai tashi ba? Ta miƙa masa wayar. Ya tura mata wata manhaja ta hanyar Xender, abin da ake tura kaya daga waya zuwa waya da shi. Wayar ta fito da gargaɗi cewa wannan abu ba daga Play Store ya zo ba, shi da kansa ya danna ya wuce. Manhajar ta nemi izinin karanta saƙonni, ta nemi izinin ganin lambobin mutane, duk ya danna mata cikin sauri yana yi wa Gwaggo hira. Daga ƙarshe hoton kwaɗo ya fito, da wurin rubuta lamba. Ya ce, "Sa lambar sirrin asusunki a nan, a kulle ta." Sai ya kau da kai gefe, har ya sa tafin hannu ya rufe idonsa. "Ni ba na kallo, Hajiya, amana ce." Gwaggo ta ce wannan kau da kan ne ya sa ta sakankance da shi. Ta biya shi jika 2, ta ƙara masa da addu'a.

Kafin la'asar jika 140 sun fita daga asusunta. Bayan isha'i WhatsApp ɗinta ya fita daga wayar, aka shiga aika wa dangi saƙo da sunanta wai tana asibiti. Ƙanenta da ke ci-rani a Abijan bai tsaya kira ba, ya tura jika 30.

Yanzu ga abin da nake so kowa ya gane, domin ƙaryar mutumin nan ta zauna ne a kan abin da yawancinmu ba mu sani ba. Fitowar sunan waya a jerin Bluetooth ba alamar kutse ba ce. Haka aka ƙera shi: in ka buɗe shafinsa, wayarka tana sanar da na kusa cewa ga ta nan, don ka iya haɗa ta da sifika ko abin sauraro na kunne. Shi ya sa ya fara cewa ta buɗe. Nisan da Bluetooth na waya yake kaiwa a al'ada bai wuce kamar mita 10 ba, kuma kafin na'ura biyu su ƙulla sai mai wayar ya amince. NFC kuwa, wato tsarin biyan kuɗi ta kanga kati ko waya a jikin na'ura, wanda ke cikin wasu katunan banki da manyan wayoyi, sai an kusanto da shi kamar santimita 4 yake aiki. Uwa uba, kuɗin asusun waya ba a cikin salular suke kwance ba balle iska ta kwashe su. Suna cikin kwamfutocin kamfani, abin da ke buɗe su shi ne lambar sirri da saƙon tabbatarwa da ake turowa. Waɗannan biyun manhajarsa ta kwashe: ɗaya Gwaggo ta rubuta da hannunta, ɗayan kuma izinin karanta saƙonni ya miƙa masa. Ta nan ne ya samu lambobi 6 da WhatsApp ke turowa. An ba kura ajiyar nama, har da ladan jika 2.

Ba ina cewa Bluetooth ba shi da rauni ba. A 2017 masu bincike na kamfanin Armis sun bankaɗo wata ɓaraka da suka kira BlueBorne, wadda ke ba da damar shiga na'ura ba tare da mai ita ya danna komai ba. Amma maganinta daga masu ƙera tsarin wayoyin ya zo, ta hanyar sabuntawa, kuma kyauta. Saboda haka in wayarka ta ce a sabunta ta, ka daure ka kashe megan. In tsohuwa ce da ta daina samun sabuntawa, kashe Bluetooth in ba ka aiki da shi. Babu wani makari da ake yawo da shi cikin jaka rumfa-rumfa.

Af, masu sayen tikitin wifi na unguwa ma su lura. Shafin da ya nemi lambar tikiti daidai ne. Wanda ya nemi lambar sirrin asusunka ko lambar da aka turo maka ta saƙo, fita daga kansa nan take, ko da sunansa ya yi kama da na mai shagon da ka sani.

Mu dai da safe muka cire sim ɗin, muka je ofishin kamfanin da katin shaidarta aka canza lambar sirri. Wayar kuma muka goge ta gaba ɗaya ta koma kamar sabuwa, domin goge manhajar kaɗai bai kwantar mini da hankali ba. Muka dawo da WhatsApp da lambarta, muka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato ƙarin lambar sirri da WhatsApp ke nema kafin a buɗe shi a wata waya. Kafin gogewar mun ɗauki hoton duk saƙonnin fitar kuɗin da lambar da aka tura wa, muka kai ƙara wurin ƴan sanda. Nijar tana da dokar hukunta laifukan intanet tun 2019, kuma irin waɗannan shaidu suna taimaka wa ƙara, don haka kada wanda ya yi gaggawar share saƙo saboda ɓacin rai.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne kunya. Gwaggo ta kwana ba ta gaya wa kowa ba, tana ganin za a ce ta yi wauta, kuma a cikin daren nan ne aka ci kuɗin ƙanenta. Da na je ta riƙe hannuna ta ce, "Ɗana, kuɗin mutane ne fa." Don Allah in iyayenku suka kawo muku irin wannan magana kada ku yi musu faɗa. Ku karɓi wayar ku duba, yau ɗin nan, ko akwai wata manhaja mai hoton kwaɗo ko garkuwa da ba ku san wanda ya sa ta ba.

Ranar Juma'a kwasar wata mai jego ce a adashen. Gwaggo ta karyar da turmi shida na atamfarta ƙasa da kuɗin sari, ta cika mata kuɗinta cif, ta kai mata har ɗaki.