Waya ko akwatin sauti: me za ka saya don haɗa sintesaiza da kwamfuta?

Kafin ka kashe ko sisi, juya sintesaizarka ka dubi bayanta. Ramukan da ke jere a can su ne za su gaya maka abin da za ka saya, kuma yawancin masu yin asarar kuɗi a wannan harka ba su tsaya sun duba ba. Abu biyu ne ke wucewa tsakanin wannan fiyano mai ƙera sauti da kwamfuta, kowanne da hanyarsa. Akwai sautin kansa, wanda kunne ke ji. Akwai kuma MIDI, wanda saƙo ne kawai: wane maɓalli ka danna, da wane ƙarfi, yaushe ka saki. Ko ɗigon sauti babu a cikinsa. Tun 1983 ake amfani da shi, bayan da Dave Smith na kamfanin Sequential Circuits a Amurka da Ikutaro Kakehashi na Roland a Japan suka tsaya kai da fata sai kayan kamfanoni daban-daban sun fahimci juna. MIDI na da tashoshi 16, ana auna ƙarfin dannawa daga 0 zuwa 127.

Mafi araha ita ce wayar USB, irin wadda ake sa wa firinta, mai kai murabba'i. In sintesaizarka tana da wannan ramin, ka soka kawai. Yawancin na zamani kwamfuta na gane su ba tare da an saka direba, wato 'yar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane na'ura, ba. Sai dai a nan ne mutane ke faɗawa tarko. A Korg Minilogue, Arturia MicroFreak da Yamaha Reface, MIDI kaɗai ke bi ta USB. Za ka buɗe manhajar haɗa kiɗa irin su FL Studio ko Ableton Live, ka ga layukan kiɗanka suna bayyana reras, ka fitar da waƙar, ka kunna, tsit kake ji. Sautin yana can cikin sintesaiza bai taɓa shiga kwamfuta ba. Wasu kuwa, kamar Yamaha MODX da ƙananan Roland Boutique, suna tura sauti da MIDI duka ta waya ɗaya. In irin wannan gare ka, ka huta. Duba littafin na'urar, ko akwai maganar sauti ta USB a ciki.

In kuwa tsohuwa ce, irin su Yamaha DX7 ta 1983 ko Roland Juno-106 ta 1984, abin da za ka gani shi ne zagayayyun ramuka masu ƙofofin allura biyar, an rubuta IN da OUT. Nan kana buƙatar wayar da ke mai da MIDI zuwa USB. A nan dai zan ce kada ka bi araha, don araha ba ta ado. Na taɓa sayen wata marar suna, baƙa, mai ɗan kumburi a tsakiya da fitilu biyu. In na danna maɓalli ɗaya ɗaya lafiya lau. Da na haɗa huɗu da sauri sai ɗaya ya maƙale yana ta kuka, har sai na kashe na'urar. Ranar da na so kwashe sautukan da na shafe makonni ina gyarawa in adana a kwamfuta, rabin saƙon ya ɓace a hanya. Irin wannan dogon saƙo, da ake kira SysEx, shi ne ke tona asirin wayar banza. Roland UM-ONE na cikin waɗanda aka san su da riƙe amana. Ka kuma tuna OUT na shiga IN ne, IN na shiga OUT. Wasu masu ƙera wayoyin suna rubuta inda za a soka kan, wasu suna rubuta sunan kan ne, shi ya sa in ba ta yi ba, fara musanya su kafin ka ce ta lalace. Ƙananan na'urori kuma kan zo da ramin MIDI siriri kamar na abin sauraro, iri biyu, A da B, kuma ba sa aiki a madadin juna.

Yanzu ga babban saye: akwatin shigar da sauti, wanda 'yan sutudiyo ke kira sawun-kad. Shi ke karɓar sauti daga ramukan L da R na sintesaiza ta wayoyi masu kauri na milimita 6.35, ya mai da shi lambobin da kwamfuta ke fahimta. Nemi mai ƙofa biyu aƙalla, domin mai ɗaya zai cinye maka faɗin sautin hagu da dama. Abin da mutane ba sa lura da shi: Focusrite Scarlett 2i2, duk da farin jininsa, ba shi da ramin MIDI, sai 4i4. Haka Behringer UMC202HD ba shi da shi, UMC204HD na da shi. PreSonus AudioBox USB 96 ma na da shi. A ganina mai tsohuwar sintesaiza ya ƙara kuɗi kaɗan ya ɗauki mai MIDI, ya jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, ya kuma rage tarin wayoyi a kan tebur.

Kada ka ce za ka soka sintesaizar a ramin makirfo na laftop. An yi shi ne don sigina mai rauni, sauti zai fashe.

Akwatin yana da wani amfani kuma, wato rage jinkiri tsakanin dannawa da ji. A Windows direban ASIO da ya zo da shi ne ke wannan aiki. A Mac akwai Core Audio tun asali. In ka sa ma'ajiyar wucin-gadi, wato bafa, a gutsuren sauti 128, bisa saurin gutsure 44,100 a sakan ɗaya, jinkirinta bai kai milisakan 3 ba. Ka kai ta 1024, ya haura 23, sai ka ji yatsunka na gaba kiɗa na biye kamar mai jan ƙafa. Sa ƙaramar lamba lokacin bugawa, babba lokacin haɗa waƙa, in kwamfutar ta fara shaƙewa.

MIDI ta Bluetooth, irin su CME WIDI, tana aiki, tana da daɗi ga wanda ya tsani waya, amma sauti dai sai ka nemo masa hanyarsa daban.

Akwai wani ƙugi ko tsuwwa da kan bayyana a sifika in ka haɗa USB da wayoyin sauti lokaci guda, musamman laftop na kan caji; har in ka motsa linzamin kwamfuta sai ka ji ta canza murya. Wutar ce ke zagayawa ta hanyoyi biyu. Tsohon ramin MIDI mai allura biyar ba ya kawo wannan, saboda a mashigarsa da haske ake miƙa saƙon, babu haɗin wuta kai tsaye. Cire USB, koma ta ramin MIDI na akwatin, sau da yawa shi ke nan. In kuma kana jin kowane maɓalli na fita sau biyu kamar mai amsa kuwwa, shiga saitin sintesaizar ka kashe abin da aka rubuta Local, domin tana buga kanta ne, manhajar kuma tana dawo mata da saƙon ta sake bugawa.