Teburin mai shayin Gwammaja, ga wanda ƙunci ke yawan taso masa da yamma

Akwai irin ranakun nan da ba ciwo kake ba, ba kuma wani ne ya ɓata maka ba, kawai dai ka ji komai ya fita a ranka, ko kiranka aka yi sai ka zuba wa wayar ido har ta katse. To saboda masu irin wannan yanayin nake son yin maganar wani teburin mai shayi da ke bakin titi a Gwammaja cikin Kano, gefen wani masallacin unguwa, don ni a wajena ya fi wuraren shaƙatawan nan masu tsada da ake ta talla amfani, duk da shi ma yana da nasa matsalolin kuma zan faɗe su.

Wajen ba wani abin kallo ba ne. Dogon tebur ɗaya, bencina, tabarmi a gefe, fitilar sola, sai gwangwanayen Peak da Milo da Bournvita da aka jera har sama, da kiret ɗin ƙwai da katan ɗin Indomie. Baba mai shayin yana fitowa bayan asuba ya tashi da hantsi, sannan ya dawo bayan magariba har wajen sha biyun dare. Dattijo ne marar yawan magana, kuma wallahi wannan rashin surutun nasa shi ne rabin abin da ya sa nake yabon wajen. In ka zo fuskarka ba walwala ba zai tsare ka da tambayar me ya faru ba, zai dai ɗago ya dube ka ya ce "Malam, yau ruwan bunu ko haɗin kauri?" in ka ce ruwan bunu sai ya ƙara maka citta ba tare da ka roƙa ba, ya ɗauki kofi biyu ya dinga sheƙa shayin daga wannan zuwa wancan, hannu ɗaya can sama ɗaya a ƙasa, ko ɗigo ba ya zuba, har sai ya yi kumfa ya huce daidai sha, sannan ya turo maka gabanka ya koma kan kaskon ƙwansa. Shikenan. Ya ba ka wuri ka zauna cikin mutane kuma ba wanda ya ce dole sai ka yi magana.

Shayin kansa mai kyau ne gaskiya. Ganyen Highland yake dafawa, wanda ake nomawa a tsaunin Mambila can jihar Taraba, akwai Lipton ga mai so, kuma tukunyar tana shan kanumfari da citta da na'ana'a da ɗan masoro, lokacin hunturu kuwa kana kurɓa za ka ji gumi na tsatsafo maka. Zuwana na baya-bayan nan ruwan bunu naira 300 ne, haɗin kauri 800, Indomie da ƙwai 1,500, amma kun san halin kasuwa yanzu, kar wani ya je ya ce ni na faɗa.

Sai dai fa ni ban yarda shayin ne ke yin aikin ba. Abu na farko tafiyar ce. Daga gidanmu zuwa wajen kamar minti sha biyar ne a ƙafa, kuma shawarata kar ka hau adaidaita ko da kana da kuɗin, taka da ƙafarka, ka gaisa da mai kanti, ka kauce wa yara masu ƙwallo, kafin ka isa za ka ji ƙirjin ya ɗan saki. Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa babba ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a sati, to zuwa da dawowa minti talatin ke nan, in ka yi kwana biyar a sati ka cika lissafin ba ka biya kuɗin jim ba ba ka sayi kambas ba.

Na biyu kuma hirar. Mutumin da ke cikin damuwa babban abin da ke cinsa shi ne kulle kansa a ɗaki da waya, yana ta latse-latse yana kallon auren wasu da motocin wasu har ƙarfe biyun dare. A 2025 ita dai wannan hukumar ta fitar da rahoto cewa mutum ɗaya cikin shida a duniya na fama da kaɗaici, kuma kar ka ce wai matsalar Turawa ce, a cikin gidan yawa ma mutum na iya zama shi kaɗai. A teburin nan kuwa ga tela, ga direban tirela, ga malamin firamare, ga ɗalibin BUK, ana musun Kano Pillars ana tsokanar 'yan Arsenal, wani ya kawo labarin da kowa ya san ƙarya ce amma a bar shi ya kai ƙarshe don a yi dariya, kai da ka zo ba ka son magana sai ka tsinci bakinka a cikin musun. Kuma in aka kwana biyu ba a ganka ba sai yaron Baba ya ce "Yaya, ina ka shiga ne, har an yi cigiyarka", wannan kalmar kaɗai ba ƙaramin abu ba ce ga wanda yake jin ba wanda ya damu da shi.

Yanzu ga inda wajen ya gaza. Suga. Baba da ludayi yake zubawa ba da cokali ba, in ba ka yi saurin cewa a rage ba to ka sha siro. Ƙa'idar da likitoci ke bayarwa ita ce kar a wuce kamar giram 50 a rana, wajen ƙaramin cokali 12, ni kuwa ina kyautata zaton haɗin kauri ɗaya ya cinye fiye da rabin wannan. Sannan shayin dare yana hana barci, don sinadarin kafin da ke cikinsa yakan yi awa biyar rabinsa bai bar jiki ba, kuma duk wanda bai yi barci ba gobe ransa a dagule zai tashi, ka ga an gudu ba a tsira ba. In ka wuce ƙarfe tara ka ce a dafa maka citta da na'ana'a zalla ba ganye, yana yi in ka tambaya.

Wata matsalar kuma, ba kullum hirar ke da daɗi ba. Da an kunna rediyo an saurari Inda Ranka sai zance ya juya siyasa, daga nan a faɗa tsadar rayuwa, buhun shinkafa, kuɗin makaranta, yadda komai ya tashi tun da aka cire tallafin mai a 2023, wani lokacin har da ɗaga murya. Ranar da ka ji an ɗauko wannan, shanye shayinka ka yi sallama, in ba haka ba da wanda ya fi na zuwa nauyi za ka koma. Ga masu busa sigari a ƙarshen benci, ga kofuna da ake ɗaurayewa a bokiti ɗaya tun magariba, ni dai da kofina nake zuwa kuma Baba bai taɓa jin haushi ba. Mata kuwa ba su da wurin zama sam, sai dai a aiko yaro da fulas, alhali su ne ma suka fi wuni a gida da tunani.

Kuma dan Allah a gane, wannan na ƙuncin yau da gobe ne. In abin ya kai sati biyu ba sauƙi, ba barci ba cin abinci, ko ka fara jin gara ma ka mutu, to ya wuce teburin mai shayi, a je a ga likita, akwai sashen masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin Malam Aminu Kano, akwai kuma asibitin Dawanau, zuwa can ba ya nufin ka haukace.

Ni na ba wajen huɗu cikin biyar. Lokacin da ya fi daɗi shi ne tsakanin magariba da isha kafin 'yan siyasa su cika bencin, kuma ka riƙo tsabar kuɗi, yana karɓar taransfa ta asusun yaronsa amma in netwok ya ƙi sai ka zauna jiran alat.